Hannun Hagu

Injin roba ya ci hannuna na dama ranar wata Laraba,
a kamfanin da ke bayan Ogba,
saura minti ashirin a tashi.
Ko tari bai yi ba.
Ya ci gaba da aman bokitai shuɗɗa
har sai da Olumide ya ruga ya kashe wuta.

Manaja ya zo asibiti da lemo da burodi
da ambulan mai kaurin ganyen albasa.
Ya dafa kafaɗata, ya ce gurbina yana nan.
Da na koma na tarar da gurbin yana nan kuwa,
wani yaro yana tsaye a ciki
da hannuwansa biyu.

Shekara uku ke nan.
Yanzu ni ke riƙe littafin bashi a Alaba Rago,
buhu nawa ya sauka, wa ya ɗauka, wa ya ce sai Juma'a.
Hagu ta koyi alƙalami da ƙyar,
bakwai ɗina tana jingina kamar mai jiran mota,
amma lissafina bai taɓa yin ƙarya ba.

Jiya a Iyana Iba na miƙa wa kwandasta kuɗi da hagu.
Ya buɗe baki zai zagi tarbiyyar gidanmu,
sai idonsa ya faɗa kan hannun riga
da iska ke kaɗawa.
Ya haɗiye zagin, ya ce in bar kuɗin.
Da ya zage ni da ya fi.

Wata mai gwaggwaro ta taɓa jefa mini naira ɗari
ina zaune ina jiran ruwa ya tsagaita.
Na bi ta cikin taɓo na mayar mata.
Ta dube ni sama da ƙasa:
nakasa da girman kai, in ji ta,
wa ya taɓa gani?

A teburin mai shayi kuwa Alhaji Ɗangwani
yana juya cokali yana cewa,
ku ai kun huta, Barmo,
gwamnati ke noma muku.
Mu da harajinmu ake kiwon masu zaman banza.
Aka yi dariya. Ni ma na yi, don shi ke biya na.

Bari in faɗa maka abin da aka noma mini, Alhaji:
shinkafa tiya biyu, sau ɗaya,
bayan an tsayar da mu a rana tun hantsi
an ce in juyo da dungun wajen mai hoto.

Na hau mota uku zuwa ofishinsu a Ikeja.
Takarda ta tambaye ni: kana iya aiki?
Gida biyu ne kawai a gaban tambayar.
In na ce e, to me na zo nema?
In na ce a'a, wa ya rubuta
buhu ɗari huɗu da sha ɗaya na makon jiya?
Na nemi gida na uku, na juya takardar,
bayanta fari fat.
Malamar ta ce in yi sauri, akwai layi.

Sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Gaskiya ne. Ban ce ku ɗauka mini ba,
cewa na yi ku kama ɗaya gefen.

Da asuba, kafin janareton maƙwabta ya farka,
Lantana takan fito da buta, idonta rabi a rufe.
Shekararta shida.
Fuska ni nake wankewa, ƙafafu ma ni,
amma hagu ba ta iya wanke kanta.
Takan zuba ruwan a hankali har gwiwar hannu,
sau uku, tana ƙirgawa a fili,
ba ta taɓa cewa sannu ba.
Sai dai ta ce, Baba, ka yi sauri,
za ka makara wurin aiki.